Daga tafinta zuwa darakta: abin da ɗan zango zai koya wurin masu fim na Dadaab

A majalisun ataya na Nima da Mamobi a Accra, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, ba a rasa yaro guda da ake kira in za a yi suna ko walima ya zo ya ɗauki bidiyo. Wasu daga cikin yaran nan sun gaji da ɗaukar amarya tana juyi. So suke su yi fim ɗin gaskiya, dokumantari, wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, mutane na ainihi ne ke ba da labarin abin da ya same su. Tambayarsu ta farko kuwa ba ta canzawa: wace kyamara zan saya a kasuwar Circle ta Accra, kuma nawa take? Tambayar tana da wurinta, amma can baya ne, sai an gama maganar amana da murya da fassara. Waɗanda hanyarsu ta fi nuna haka su ne Somalawan da suka tashi a sansanin gudun hijira suka zama masu fim, don da yawansu sun koyi rabin sana'ar tun ba su mallaki ko murfin kyamara ba.

Gwamnatin Siyad Barre ta faɗi a Janairun 1991, Mogadishu ta kama da yaƙi, yunwa ta biyo baya a 1992. Jama'a suka kwarara Kenya da Habasha da Jibuti da Yemen. A arewa maso gabashin Kenya, yankin Garissa, aka kafa sansanoni uku kewaye da garin Dadaab tsakanin 1991 da 1992: Ifo, Dagahaley da Hagadera. Mutum dubu 90 aka yi wa lissafi. A 2011, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yunwa a kudancin Somaliya, mazauna wurin sun haura dubu 400. Akwai wanda a can aka haife shi, a can ya yi aure, a can aka raɗa wa ɗansa suna, kuma ko Nairobi zai je sai da takardar izinin fita. Sansanin Kakuma da ke ƙasar Turkana, wanda aka buɗe a 1992, shi ma yana da Somalawa tare da 'yan Sudan ta Kudu da Habashawa da 'yan Kwango.

Wuri irin wannan ba ya rabuwa da baƙi masu kyamara. Ɗan jarida zai sauka kwana uku ko huɗu, ba ya jin Somaliyanci, bai san dattijon da ake fara gaisarwa a kowane layi ba. Da ɗan gari akan ci gari, sai ya nemi yaron da ya yi sakandare a sansanin, mai jin Turanci, ya zama tafinta kuma ɗan jagora, abin da 'yan jarida ke kira fiksa. Matakin farko ke nan, kuma shi ne makaranta mafi tsada da ake yi kyauta. Tafinta na zaune tsakanin mai tambaya da mai amsa, a hira ta ɗari ya riga ya gane tambayar da ke buɗe baki da wadda ke rufe shi, ya gane cewa in tsohuwa ta yi shiru tana kallon ƙasa ba ta gama ba ne, a jira ta. Daga nan a ba shi jaka ya riƙe, a ba shi makirufon sanda, a sa masa hedfon a kunne. Ƙungiyar FilmAid, wadda aka kafa a 1999 lokacin rikicin Kosovo, ta daɗe tana koyar da matasan Kakuma da Dadaab ɗaukar hoto da tacewa, har da bikin nuna finafinansu. Bayan sace ma'aikatan agaji biyu na ƙungiyar likitoci ta MSF a Dadaab a Oktoban 2011, zirga-zirgar baƙi ta yi wuya, aiki ya ƙara komawa hannun 'yan gida. Wanda Allah ya yi wa fita, ya samu kansa a unguwar Eastleigh ta Nairobi, ko Minneapolis da Columbus a Amurka, ko Landan, galibi da tuƙin tasi ko aikin dare yake tara kuɗin fim ɗin farko.

A nan ne ake yawan cutar mai tasowa. Ɗan gudun hijira a sansanonin Kenya, ko da ƙungiyar agaji yake wa aiki, ɗan alawus ake ba shi, ba cikakken albashi ba. A fim kuma, shi ya nemo mutanen, shi ya yi tambayoyin da harshensu, wani lokaci shi ya riƙe kyamarar, amma in an fitar da aikin sunansa na can ƙasa cikin masu godiya, ko babu shi sam, kuma ɗanyen hoton mallakar wanda ya biya ne. Ɗan Nima da baƙi ke ɗauka ya zaga da su Agbogbloshie ko bakin babbar kwata ya riƙe wannan: kafin ka ɗaga ƙafa, a rubuta, ko a WhatsApp ne, kuɗin yini nawa, da wane muƙami sunanka zai fito, kuma ko kana da damar sa wani yanki na aikin a cikin abin da za ka nuna wa masu ba da tallafi gobe. Muƙamin ya fi kuɗin yinin daɗewa a aljihu. Asusun tallafin fim ba ya tambayar sidi nawa aka biya ka, finafinan da sunanka ke kai yake dubawa.

Hanyar tana kaiwa nesa. Khadar Ayderus Ahmed, haifaffen Mogadishu da ya isa Finland yana ɗan gudun hijira mai shekara 16, shi ya ɗauki babbar lambar bikin finafinan Afirka na FESPACO, dokin zinaren Yennenga, a Wagadugu a 2021. Nasa fim ɗin na ƙirƙira ne, an ɗauke shi a Jibuti, amma da Somaliyanci aka yi shi tsaf. A shekarar ce kuma aka sake haska fim a babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Mogadishu, karo na farko cikin shekara talatin. Sai dai kada a ɗauka sana'ar wasa ce a can: Somaliya ta shafe shekaru a saman jerin da kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ke fitarwa na ƙasashen da ake kashe ɗan jarida ba a hukunta kowa.

Abin da ɗan ciki ya fi baƙo da shi kalmomi ne. Somalawa na da kalmar buufis, zazzaɓin son a kwashe mutum zuwa Turai ko Amurka, wanda kan kai har ga taɓin hankali in an daɗe ana jira. Suna da tahriib, tafiyar sahara da teku ba takarda. Baƙo zai ji an fassara masa su da "yana son tafiya", ya wuce. Wanda ya tashi a ciki ya san fim guda ne cur a cikin kowace kalma. Mu ma muna da namu. "Ya bi ta Agadas." "Ta tafi aikatau ƙasar Larabawa." Ko kuma wanda ya fi kusa: umarnin da gwamnatin Busia ta fitar a Nuwamban 1969, da ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Zango ne ya fi jin wannan a jika, gidaje suka rabu, aka sayar da shaguna a wulaƙance, wasu suka koma garuruwan kakanni da ba su taɓa gani ba. Wanda yake ɗan shekara 15 a lokacin ya haura saba'in yanzu. Sai 1983, da gwamnatin Shagari ta koro baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka dawo. A ganina, duk ɗan zangon da ke neman labari ya fara da tsohon da ke zaure a gidansu, kafin ya yi tunanin sansani.

In kuma sansanin ne, Ghana na da su. A da akwai Buduburam, gaba da Kasoa a hanyar Cape Coast, wanda aka buɗe a 1990 saboda 'yan Laberiya, amma yanzu ya daina zama sansani a hukumance. Akwai Krisan da Ampain a Jihar Yamma, na biyun don 'yan Kwaddebuwa da suka tsero a 2011, ga kuma 'yan Burkina Faso da ke shigowa ta wajen Zebilla a 'yan shekarun nan. Ba a shiga irin waɗannan wurare da kyamara haka kawai. Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, wadda dokar 1992 ta kafa, ita ake rubuta wa, a bayyana abin da za a ɗauka da inda za a nuna shi. A cikin unguwa kuma takarda ba ta wadatar ba, sai an gaida sarki ko mai unguwa da limami, da goro a hannu. Jirgi maras matuƙi sai an yi masa rajista a hukumar sufurin sama ta ƙasa.

To, maganar amana. Ziyarar farko da ta biyu ba a zuwa da kyamara. A zauna, a sha shayi, a faɗi waye kai, ɗan wane gida, me kake so ka yi da labarin. Ka faɗa da bakinka cewa fim ɗin zai hau intanet, za a iya ganinsa a Mogadishu ko Monrobiya ko Kano, kuma in ya hau ba ka da ikon sauke shi daga wayoyin mutane. Magana zarar bunu ce. Ka kuma faɗi abin da fim ɗin ba zai yi ba: ba zai samo biza ba, ba zai matsar da fayil ɗin kowa gaba a ofishin UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a sansani. Mutum ya ga baƙo da kayan aiki, ya ɗauka hanyar fita ce ta zo, sai ya amince da abin da ba zai amince da shi ba in ya san gaskiya, ko ya ƙara wa labarin gishiri don a tausaya. Ka samu fim mai sa kuka wanda rabinsa ba haka aka yi ba, laifin kuma naka ne.

Akwai haɗarin da masu koyo ba su cika sani ba. Mai neman mafaka ya riga ya ba da labarinsa a ofis, an rubuta. In a gaban kyamara ya ce a watan Rajab suka gudu alhali a fayil an sa wani wata, ko ya ambaci ɗan'uwan da bai ambata a can ba, ana iya kallon saɓanin a matsayin ƙarya, ko da mantuwa ce. Saboda haka ka tambaya ko shari'arsa na nan a buɗe. In tana buɗe, a bar ranaku da sunayen wurare dalla-dalla, ko a jira. Ga Basomale kuma kada ka fara da tambayar ƙabila, ita ce ta ƙone ƙasar, in yana so zai kawo ta da kansa. Ka lura da suna: Somalawa na jera sunan mutum da na uba da na kaka, wanda ya san mutanen zai gano zuri'a daga sunaye ukun nan. Sa cikakken suna a ƙasan hoto tamkar nuna ƙofar gida ne.

Izini a ɗauke shi iri biyu, a takarda da kuma a bidiyo, da harshen da mutumin ke ji, shi da bakinsa yana cewa ya gane inda za a nuna. Takardar Turanci da aka sa wa wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa ba ta kare kowa, kuma dokar Ghana ta kare bayanan jama'a ta 2012 na nan. Wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne a dokar Ghana, sai da yardar uba ko uwa ko mariƙi. Matar aure a zango, ka san sauran: a yi magana da maigida, kuma in da hali mace ta yi hirar, don abin da Hajiya za ta faɗa wa 'yarta ba za ta faɗa wa ƙato da hedfon ba. Ba a sayen labari, amma 'yar kayaye, wato 'yar dako, da ta bar kasuwar Kejetia yini guda saboda kai, ka biya ta abin da ta rasa da kuɗin mota, ka ba ta tun kafin a fara, kada ta ɗauka ladan kuka ne.

Ɓoye mutum ya fi yadda ake zato wuya. Dusashe fuska ba ya ɓoye zobe, ko tsagen kumatu, ko zanen labulen ɗaki, ko hasumiyar masallacin da ke leƙowa ta taga. Sauya kaurin murya da kwamfuta kuwa, duk mai manhajar tacewa zai iya mayar da ita yadda take cikin minti biyu. In da gaske rai na cikin haɗari, a ɗauki hannuwa da ƙeya kawai tun a wurin ɗauka, a wani ɗaki da ba nasa ba, sannan wani ya karanta kalmominsa, a rubuta a fim ɗin cewa an yi haka. A kashe alamar wuri ta waya kafin a danna, don fayil na riƙe inda aka ɗauke shi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'ar ji ne ke riƙe da gani. Mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu na minti arba'in, ba zai jure murya mai gunji na minti biyu ba. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga da hedfon mai rufe kunne, ka ci gaba da wayarka. Makirufon a maƙala shi kamar taƙi guda ƙasa da haɓa. Shadda mai sitati da mayafi mai duwatsu da carbi a wuya duk abokan gabarsa ne, kowane motsi sai ya fito kamar ana murza leda, don haka ka sa mutum ya juya kai hagu da dama kana saurara kafin a fara. In da hijabi ne, mace ta maƙala shi ta waje a gefen da ba ya gogar yadi. Na'urar naɗar sauti a saita ta a 48 kHz, allurar ƙarfi tana kai wa wajen -12 in ana magana daidai. Tazarar da ta rage ta dariya ce da ɗaga murya. In ta buga 0 sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Ka bar hedfon a kunnenka daga farko har ƙarshe. Batirin makirufo kan mutu a tsakiyar magana ba sallama, kuma allon kyamara ba zai gaya maka ba.

Zango ba wurin shiru ba ne. Fanka, firij, janaretan maƙwabci in an ɗauke wuta, aboboya, babur mai ƙafa uku, a lungu, injin niƙa, lasifikar mai tallan magani. Fanka da firij a kashe su, kuma ga dabarar tsofaffin ma'aikata: ka sa makullin babur ɗinka a cikin firij ɗin, ba za ka bar gidan ba ka kunna shi ba. Ka lissafa lokutan salla, hirar awa ɗaya da rabi ta fi zama tsakanin hantsi da azahar. In aka kira salla a tsakiya, a tsaya, ba don ladabi kaɗai ba, don ba za ka iya yanka jumlar da kiran salla ke bayanta ba tare da an ji tsallen ba. Ruwan sama a kan kwano ba shi da magani sai jira, kuma daga Afrilu zuwa Yuli zai sha katse ka. A Accra akwai kusan wata guda, daga Mayu zuwa Yuni, da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikin Homowo. Gari kan lafa, sai dai lokacin ne ruwan ya fi ƙarfi, abin da ka samu a nan ka rasa a can. Ɗaki mai katifa da labule da kaya ya fi falo mai tayil, don tayil na mayar da amo. Kafin kowace ɗauka a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za a haɗa sauti da hoto. Bayan an gama kowa ya yi tsit minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, da shi ake cike gurbin da aka yanka.

Hoto ba shi da wahala haka. Wutar Ghana 50 Hz ce, don haka a saita firem 25 a daƙiƙa, gudun shota 1/50. Yawancin wayoyi da 30 suke zuwa, shi ya sa hoto ke ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu. Manhaja irin Blackmagic Camera kyauta ce, tana ba ka damar saita wannan in wayarka na ɗaukarta. A zaunar da mutum taga na gefensa, ba bayansa ba, kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku daidai tsayin idonsa, mai tambaya dab da gefen kyamarar. A kulle haske da fokas, in ba haka ba farar riga za ta sa waya ta duhunta baƙar fuska. Rana a nan wajen shida take fitowa, wajen shida take faɗuwa duk shekara, hoton waje ya fi kyau kafin tara na safe da bayan la'asar. Kowane hoton cike, hannu na zuba shayi, takalma a ƙofar masallaci, tsohon fasfo a kan tabarma, a riƙe shi daƙiƙa goma cif ba motsi. Ka ɗauki ninkin abin da kake zato kana buƙata, mai tacewa bai taɓa cewa ya yi yawa ba.

Ajiya ita ce ke kashe finafinai a ɓoye. Hoton 4K mai gudun megabit 100 na cin gigabait 45 a awa. Fim ɗin minti talatin zai iya fitowa daga ɗaukar awa talatin, wato gigabait 1,350. Rumbun ajiya mai terabait 2 ke nan, kuma guda biyu aƙalla, ɗaya a gidanka ɗaya a wata unguwa, don gobara da ambaliya da ɓarawo ba sa zaɓar rumbu ɗaya su bar ɗaya a ɗaki guda. In ka sauko 1080 a megabit 50, lissafin ya rabu biyu, kuma ba wanda zai ƙi fim ɗinka saboda haka. Katin ajiya na jabu ya cika kasuwa: a jiki an rubuta 128, a ciki bai kai ba, in ya cika sai ya riƙa taka na farko yana nuna maka komai lafiya. A gwada sabon kati da manhajar H2testw kafin a kai shi aiki, a nemi mai alamar V30. Ba a goge kati sai an buɗe fayilolin a rumbu biyu an ga suna tafiya. Kada a kwafa da kwamfutar tebur da ba ta da batirin tsaro, dumsor, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar kwafi na iya lalata rumbun gaba ɗaya. Damina na sa gilashin kyamara fumfuna, a ajiye shi a roba mai murfi da ƙunshin silika. Hunturu kuma ƙura, kada a canza gilashi a waje.

Fassara ce wurin da tsohon tafinta ke cin ribar shekarunsa. Hirar awa ɗaya kan ci awa biyar ko shida a rubuce, in da fassara ta fi haka. A rubuta da harshen asali tukuna, da lambar lokaci duk rabin minti, sannan a fassara a gefe. Kada a dogara da abin da tafinta ya faɗa a wurin ɗauka, taƙaitawa yake yi, wani lokaci yana gyara wa dattijo magana don kunya. A ba wani na biyu da bai halarci hirar ba ya saurara ya duba. A kuma tabbatar da karin harshe: Somaliyancin Maay na yankin kogunan kudu ya bambanta da Maxaa da ake rubutu da shi, har mai jin ɗaya kan rasa zaren ɗayan. Haka Bakano zai yi tuntuɓe da Hausar Nima mai ɗauke da Twi da Ga da Turanci, ya "gyara" abin da ba kuskure ba. Rubutun Somali na boko, da aka tsayar a 1972, yana sa x a madadin ha mai ƙarfi ta Larabci, c kuma a madadin aini, shi ya sa ake rubuta Maxamed da Cali. Kada mai tacewa ya ɗauka kuskuren bugu ne. In Basomale ya ce wa dattijo adeer, baffa yake nufi don girmamawa, kamar yadda muke ce wa kowane tsoho Baba, kada a rubuta shi a matsayin ɗan'uwan uba na jini.

Rubutun ƙasan hoto layi biyu ne iyaka, kowane layi kada ya wuce harafi 42, ya tsaya daga daƙiƙa ɗaya zuwa shida. Karin magana ba ya shiga wannan ma'auni cikin sauƙi, a zaɓi ma'ana a bar kalmomi. A gwada ƙ da ɗ da ɓ a irin rubutun da aka zaɓa tun farko, wasu na mayar da su akwatuna.

DaVinci Resolve na da sigar kyauta da ta isa aikin nan, amma tana son kwamfuta mai ram gigabait 16. In taka ba ta kai ba, a yi ƙananan kwafi marasa nauyi a tace da su. Bidiyon waya kan zo da gudun firem mai hawa da sauka, shi ya sa bayan minti ashirin baki ke rabuwa da murya, a fara wuce shi ta HandBrake a tsayar da shi a 25. A fara tacewa a takarda, da almakashi in an so, a jera maganganu har labarin ya tsaya da ƙafarsa ido a rufe, sannan a ɗora hoto. Waƙar wani da ke tashi a rediyo a bayan hira na iya sa YouTube ta riƙe fim ɗin, rediyon ma a kashe shi tare da fanka. Nunawa ga jama'a a Ghana sai Hukumar Fim ta Ƙasa ta tantance, bisa dokar 2016. Mai son karatu, makarantar fim ta NAFTI da aka kafa a 1978 tana nan, yanzu a ƙarƙashin jami'ar UniMAC. Tallafi kuma akwai IDFA Bertha Fund a Amsterdam, da Hot Docs-Blue Ice a Toronto, da kasuwar fim ta Durban. Irin waɗannan wurare kan nemi bayani a rubuce, da kasafi, da samfurin 'yan mintoci, kuma a samfurin nan sauti ne ke fara tona asirin mai koyo.

Kafin kowa ya gani, a kai fim ɗin wurin waɗanda ke ciki, a gidansu, a laftof, ba taro. Kai kada ka kalli allo, kalli fuskarsu. In wani ya ce a cire wuri don bai yi kyau a hoto ba, ana iya lallashi. In ya ce wurin zai ja wa ƙanwarsa da ke can gida masifa, a cire, ko da shi ne wurin da ya fi kowane daɗi. Tacewa kan ɗauki shekara, kuma ɗan gudun hijira na canza layi da ɗaki fiye da kowa, don haka tun ranar farko a karɓi lamba biyu, tasa da ta wani nasa, a rubuta sunan masallacin da yake salla.